Kifayen Duron Jucilene

Aurineide ta yi ƙarya. A bakin coci ta yi ta, ranar Lahadi, lokacin da mata suka fito suna gaisawa, kuma ta yi ta da murya ƙasa-ƙasa, irin muryar da ta san ta fi ihu zuwa nesa. Cewa ta yi matar ɗanta, Jucilene, jiƙo ta sha don ta zubar da ciki, cikin ya ƙi fita, shi ne jiƙon ya haye ya cinye wa yaron kai. Kafin a sauke tukunyar waken rana, maganar ta gama zagaye garin ta dawo ta samu Lindalva, mahaifiyar Jucilene, tana tsugune a bayan gida tana wanke tsummokaran jaririn da ragowar ruwan wanke-wanke.

Maƙwabciyar da ta kawo maganar ta tsaya nesa da ita, don ta san hali. Lindalva ta ci gaba da wankinta. Ta matse tsumman da ke hannunta har sai da ya yi ƙara, ta shanya, ta ɗauki wani.

Ba a daɗe da haihuwar jaririn, Heitor, ba a lokacin. Lindalva tana nan aka haife shi a ƙaramin asibitin garin, ita ce ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ta ga haihuwa da yawa a rayuwarta, ta san yadda ɗaki yake cika da surutu idan yaro ya faɗo. Wannan karon yaron ya yi kuka, ɗakin ya yi tsit. Ungozomar asibitin ta ɗauko tef ta auna kansa, ta warware, ta sake aunawa, sannan ta fita ta kira wata. Da aka miƙo wa Lindalva shi, ta ga hannu da ƙafa da farce, komai cif. Ta ga fuska mai kyau, cike da kumatu. Amma daga gira zuwa sama, sai goshin ya kwanta ya koma baya, kamar wanda aka fara gini aka tashi ba a kai ga rufi ba. Fatar ƙeyar ta yi yawa har ta nannaɗe. Hular da ta saƙa masa da hannunta, irin wadda ta saƙa wa jikoki da 'ya'yan maƙwabta ba adadi, da aka sa masa sai ta zamo ta rufe masa hanci.

Uban yaron, Edivaldo, wanda kowa ke kira Vado, ɗan acaɓa ne a bakin kasuwa. Ya shigo da murmushi, ya leƙa cikin zanen, ya ce zai je ya gyara tsayuwar babur. Tun daga ranar a gidan uwarsa yake kwana.

Jucilene ta dawo gidan Lindalva da jariri. Heitor ba ya barci. Kuka yake yi iri ɗaya, mai kaifi, ya sanƙare ya banƙare baya kamar itace, hannuwa a dunƙule. Nono ma sai ya sha ya ƙware. Jucilene ta daina leƙa ƙofa. Da maganar jiƙon ta iso kunnenta, sai ta daina buɗe taga ma. Matan da suka saba shigowa aron gishiri suka koma miƙo gaisuwa ta kan katanga. Wata da ke da ƙaramin ciki ta tsallaka titi don kada ta bi ta ƙofar gidan.

"Mama, shayin ganye ne fa," in ji Jucilene wata safiya, idonta a kan bango. "Na tashin zuciya. A gaban uwar Vado na sha. Ita ma ta sha kofi ɗaya."

"Na sani. Ni na tsinko miki ganyen."

"To me ya sa take faɗin haka?"

"Don ɗanta ya samu inda zai ajiye kunyarsa. Tashi ki ci masarar nan kafin ta huce."

Asibitin garin suka ce abin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin birnin Recife. Aka sa su a motar ƙaramar hukuma da ke kai marasa lafiya birni, suka tashi da asuba tare da wani tsoho mai zuwa wankin ƙoda da wata mai ƙari a nono. Jucilene ta naɗe kan yaron da hula biyu. Duk hanyar, ta cikin busassun gonaki da shanun da haƙarƙarinsu ya fito, Lindalva tana shirya abin da za ta ce wa likita. A ranta, jikanta ne kaɗai aka taɓa haifa haka a duniya, kuma ta shirya za a taru a kansa ana kallo.

Suka hau bene, suka karya kwana, suka shiga wani dogon baranda. Nan ƙafafun Lindalva suka tsaya.

Benci ne hagu da dama har ƙarshen barandar, cike da mata. Kowace da jariri a cinya ko a kafaɗa. Kuma duk kan da ta kalla, kan Heitor ne. Goshin nan da ya kwanta, fatar nan da ta nannaɗe. Kukan ma irin nasa ne, yana tashi daga wannan benci wancan ya amsa. Ta fara ƙirgawa da ido, ta bari. Ta dafa bango.

Wata mata mai jiki, baƙa, da gashi a ɗaure da jan ƙyalle, ta matsa ta ba su wuri.

"Zauna, Kaka, kafin ki faɗi ki ƙara musu aiki. Sabbin zuwa ne, ko? Daga fuska ake ganewa." Ta juya ga Jucilene. "Cire masa hular nan, 'yar'uwa, zafi ake yi. Nan ba wanda zai kalle shi. Kowa na da nasa."

Jucilene ta cire ɗaya, ta yi jim, ta cire ta biyun.

"Kai, kyakkyawa. Kumatu kamar na ɗan mai gidan burodi. Ke me aka ce kin yi?"

"Kamar yaya?"

"Kowa a nan da laifinta. Ni an ce allurar rigakafi na karɓa da ta lalace. Waccan mai rigar kore, an ce kallon abin tsoro ta yi a talabijin. Ta kusa da ita, mijinta cewa ya yi ba irin gidansu ba ne, alhali shi kansa kan nasa ba wani abin a zo a gani ba ne."

Matan bencin suka yi dariya, har da mai rigar koren.

"Jiƙo," in ji Jucilene a hankali.

"Jiƙo ya yi mutum huɗu a bencin nan. Kin makara. Uban yana nan?"

Jucilene ta sunkuyar da kai.

"Ya je gyara babur," in ji Lindalva.

"Nawa ya je sayen sigari. In kun koma gida, ki samu bokiti ki zuba ruwan ɗumi, ki zaunar da shi ciki har ƙirji, ki tallafe wuyan. Yana sassauta musu jiki. Shi ne kaɗai abin da ke ba ni barci."

Rana ta yi tsaka kafin aka kira su. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Jucilene da yawa ba, ƙasan idonta ya yi baƙi don rashin barci. Ta auna, ta lanƙwasa ƙafar yaron ta ga yadda take ƙin lanƙwasuwa, ta haska masa ido. Aka kai shi aka ɗauki hoton kai aka dawo. Sannan ta ja kujera ta zauna daf da Jucilene.

"Lokacin da kike da cikin nan, kin yi ƙuraje?"

Jucilene ta kalli mahaifiyarta. "Na yi. Wajen wata na uku. Jajaye, ƙanana, da ƙaiƙayi. Idona ya yi ja, gaɓoɓina suka ɗan yi ciwo."

"Wannan ai ba ciwo ba ne," in ji Lindalva. "Rabin layinmu sun yi shi. Na shafa mata kullun rogo, kafin sati ya zagayo ya baje. Ko kwanciya ba ta yi ba."

"Haka kusan duk matan da ke waje suka faɗa mini, Mama."

Likitar ta juyo musu da allon na'urar da ke nuna hoton kan. Lindalva ba ta taɓa zama a aji ba, da babban yatsa take sa hannu, amma ta gane ƙoƙon kai da ta gan shi. A ciki akwai fararen ɗige-ɗige kamar an watsa garin rogo, da wasu wurare baƙi wuluk.

Likitar ta yi magana a hankali, ba da manyan kalmomi ba. Ta ce ciwon ƙurajen nan sunansa Zika, sauro ne ke kawo shi. Ta ce har yanzu ana bincike, amma duk alamu can suke nunawa. Babba yakan yi shi ya warke bai ma san ya yi ba. Amma idan mace tana da ƙaramin ciki, ƙwayar cutar takan ratsa ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayin, ta je ta zauna daidai inda ƙwaƙwalwa take tsirowa, ta kashe 'yan halittun da ke gina ta. Ƙoƙon kai kuwa ƙwaƙwalwa yake bi. Idan ta girma ta tura shi, ya buɗe. Idan ta tsaya, shi ma ya tsaya.

"Fararen nan tabo ne, inda cutar ta ci. Baƙin nan kuma ruwa ne, ya cike inda ƙwaƙwalwa ya kamata ta cike."

"Za ta sake tsirowa?" in ji Jucilene.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma abin da ya rage ana iya koya masa aiki, shi ya sa za ki riƙa kawo shi ana motsa masa jiki. Za mu duba idonsa da kunnensa. Ki kula da haɗiyarsa. Idan kin ga yana fizge-fizge, ko idonsa ya kafe, ki kawo shi nan da nan."

"Zai yi tafiya? Zai ce Mama?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Mu ma yanzu muke ganin irin wannan."

Jucilene ta rungume yaron ta kifa fuskarta a cikinsa. Lindalva ta gyara tsayuwa.

"Likita, jiƙo yana yin haka? Shayin ganye, na tashin zuciya?"

"A'a."

"Sake faɗa, ta ji."

Likitar ta dafa gwiwar Jucilene. "Ba abin da kika sha ba ne. Ba abin da kika ci, ko kika gani, ko kika yi tunani ba ne. Sauro ne ya cije ki."

"Wane irin sauro ne wannan?" in ji Lindalva. "Da sauro aka haife mu."

"Mai zane fari da baƙi a ƙafa, wanda ke cizo da rana. Ba a kwata yake haihuwa ba. Ruwa mai kyau yake so, wanda aka tara aka ajiye. Duro, tanki, bokiti."

Lindalva ta ja baya. Ta laluba kujera ta zauna.

Garinsu ya fi shekara famfo bai yi tari ba. Motar ruwa ke zuwa in ta ga dama, kowa ya cika duk abin da ke riƙe ruwa. Kuma tun Lindalva tana yarinya ta san abin da ake yi wa ruwan ajiya: a je madatsa a kamo 'yan kifayen nan da ake kira piaba, waɗanda ba su wuce ɗan yatsa ba, a saka biyu ko uku a kowane duro, su cinye tsutsar sauro kafin ta yi fiffike. Da Jucilene ta tare a gidan Vado, Lindalva da kanta ta kai mata kifaye a kwalba ta zuba a durorinta uku. Da ciki ya bayyana, Aurineide ta zo duba suruka, ta leƙa duro, ta toshe hanci. Ta ce jikanta ba zai sha kashin kifi tun yana ciki ba, wannan ƙazantar mutanen daji ce. Ta sa rariya ta kwashe su, ta watsa wa kyanwa. Jucilene ta zo ta faɗa wa uwarta tana dariya, Lindalva ta yi tsaki, ta ce za ta kamo wasu. Sai madatsar ta ƙafe.

Lindalva ta faɗa wa likitar duk wannan. "To, ita ce ke nan. Daga duron nan ya fito."

"Mama, ba zan iya ce miki haka ba."

"Ke kika ce duro."

"Duro nawa ne a layinku? Sauro ba ya sanin katanga. Ƙila daga nan ne, ƙila daga gidan maƙwabta, ƙila a kasuwa ya cije ta. Babu mai iya sani. Kifin yana taimakawa, gaskiya ne. Amma a waje akwai matan da ke da kifi a duro."

Lindalva ta so ta ji wata amsa dabam. Ta tsaya tana kallon likitar, ko za ta sassauto. Ba ta sassauto ba.

A mota, da suka fita daga birni, Jucilene ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Mama, kada ki je."

"Ina?"

"Kin san inda nake nufi. Ki bar ta. Ni dai na ji ba ni ba ce, ya ishe ni."

"Ke kin ji. Garin bai ji ba. A garin za ki yi renon yaron nan, ba a ofishin likita ba."

Ranar Asabar kasuwa ta ci. Lindalva ta yi wa Heitor wanka a bokitin ruwan ɗumi, ta sa masa farar riga, ta ajiye hular a kan gado. Jucilene ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu, amma ba ta hana ta ba. Lindalva ta saɓa shi a kafaɗa, ta ratsa ta tsakiyar masu rogo da masu busasshen nama, kansa a buɗe, rana tana dukansa. Duk inda ta wuce ciniki sai ya tsaya.

Aurineide tana rumfarta ta cuku da man shanu, da farin gyale a kai, tana yanka wa wata ɗanɗano a bakin wuƙa.

"Ina kwana, uwar Vado."

Aurineide ta ɗago. "A'a, Uwargida Lindalva. Cuku za a ba ki?"

"Jika na kawo miki. Tunda ƙafarki ta yi nauyi, na ce bari in kawo shi ki ga abin da kike ba da labarinsa."

Ta juyo da yaron. Aurineide ba ta taɓa ganinsa ba sai a naɗe, ranar haihuwa, daga bakin ƙofa. Wuƙar ta sauka a kan tebur. 

"Kalli haɓar. Ta marigayi mijinki ce, ko ba ita ba?"

"Lindalva, nan kasuwa ce."

"Can ma bakin coci ne, bai hana ki ba. Mun je Recife. Na ga irinsa cike da baranda, sun fi mutanen da ke layin nan yawa. Duk jiƙo suka sha? Jihar nan kaf mata sun haɗa baki sun dafa tukunya ɗaya? Likita ta ce sauro ne. Ƙurajen bara, waɗanda ke ma kika yi, kina sosa hannu a kan cukun mutane."

Wani mai lemo ya yi dariya, matarsa ta zungure shi.

"Ni abin da na ji na faɗa," in ji Aurineide.

"A bakin wa? Kira sunansa, yana kasuwar nan."

Aurineide ta kau da kai.

"To ni ga abin da na sani, kuma a gabanki zan faɗa, ba a bayanki ba. Sauron nan a duron ruwa yake haihuwa. Na sa wa 'yata kifi a duro uku. Wa ya kwashe su ya ba kyanwa?"

Fuskar Aurineide ta yi fari kamar abin da take sayarwa. Ta ja baya har ta ci karo da akwati, ta zauna a kai. "Tsabta na yi," ta ce. "Don yaron na yi. Lindalva, kina nufin... ni ce?"

Kasuwar ta yi tsit, kowa yana jira. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshen Lindalva tun daga Recife. Da ta sake ta, kafin la'asar garin ya sauya abin taunawa. Ta ji ɗumin kan yaron a wuyanta.

"Na tambayi likita," ta ce. "Na matsa mata. Ta ce ba mai iya sani. To ban sani ba, kuma abin da ban sani ba ba zan ɗora wa mutum ba, ko da ke ce. Ni ina da hujjar duro uku da kyanwa, amma na ce ban sani ba. Ke me kike da shi? Kofin shayin da ke ma kika sha?"

Heitor ya sanƙare, ya saki kukan nan nasa. A tsallaken titi, inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, Vado ya sauko daga kan babur. Ya tako har tsakiyar titi, ya tsaya da hular kwano a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Kai kuma," in ji Lindalva, "in ka gama gyaran babur ɗin, ka san gidan. Ba roƙonka nake yi ba."

Ta juya ga Aurineide, wadda har yanzu take zaune a kan akwatin, idonta a kan ƙeyar yaron.

"Gobe Lahadi. Zan tsaya a bakin coci, daidai inda kika tsaya, da shi a hannu, uwarsa a gefena. Matan da kika faɗa wa duk za su fito ta ƙofar nan. Ki zo ki ce musu ƙarya kika yi. Ba a gida ba, ba ta bakin Vado ba, kuma kada ki aiko mini da cuku."

Aurineide ta miƙa hannu kan tebur. Ta ɗauki wuƙar, ta ajiye, ta sake ɗauka.

Lindalva ba ta nemi a gyara kan Heitor ba, ta ji da kunnenta ba ya gyaruwa. Sunan 'yarta take nema, kuma wadda ta ɗauke shi tana da rai, tana da baki, ta san hanyar coci. Aurineide, ki fito gobe ki amsa. In ba ki fito ba, Lindalva za ta tsaya a wurin Lahadi mai zuwa, da ta bayanta, da yaron a kafaɗa, har sai kin zo kin faɗa a gaban mutanen da kika faɗa wa.